Tabarau mai fassara a Yamai: yadda ake shirya shi da inda yake gazawa

Aikin tabarau mai fassara rabinsa a cikin waya yake. Ƙananan makirufo da ke jikinsa su ɗauki magana, su tura wa wayarka ta Bluetooth, manhaja ta juya ta zuwa harshen da ka zaɓa, sannan ta dawo maka da ita. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai faɗa maka a kunne, kamar Ray-Ban Meta, akwai kuma mai rubuta fassarar da koren rubutu a jikin gilashin, kamar Even Realities G1. Ga mai zaman kasuwar Katako ko Babbar Kasuwa mai rubutun ya fi, don ƙarar babura da janareto takan danne muryar da ke fitowa a gefen kunne.

Kafin ka ba da ko dala, duba jerin harsunan da yake ji. Nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Ray-Ban Meta ya fara fassarar kai tsaye da Ingilishi, Faransanci, Italiyanci da Sifaniyanci, babu Hausa a ciki. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, ya ƙara Fulatanci da Barbarci a 2024, amma fassara rubutu daban, jin maganar baki daban. Saboda haka a Yamai amfaninsa yana wurin baƙi: ɗan Gana mai Ingilishi, injiniyan Sin, ɗan kasuwar Turkiyya, idan harshensu yana cikin jerin. Kai kuma sai ka karɓi fassarar da Faransanci ko Ingilishi. Tsakaninka da Bazabarme mai kayan miya kuwa, yaron shagon da ke gefenku ya fi shi nesa ba kusa ba. Wasu ayyukan ma kamfani yana buɗe su ne a wasu ƙasashe kawai, don haka a gwada da wayarka, da layinka, a gaban mai sayarwa.

Shirin a gida ake yinsa. Cika shi da caji tare da akwatinsa, sauke manhajar, haɗa su ta Bluetooth, ka ba manhajar izinin makirufo. Idan tana da damar sauke harsuna don aiki ba intanet, sauke su inda akwai wifi, domin rezo yakan yi rauni a cikin rumfunan kwano. Sai ka shiga saitin batirin waya ka cire manhajar daga waɗanda ake kashewa don tattalin caji. Wayoyin Android da yawa suna rufe manhaja da zarar allo ya mutu, fassara ta tsaya cak, mutum ya ɗauka tabarau ne ya lalace.

In kun haɗu, fara da gaisuwa da bakinka, sannan ka nuna masa abin da ke fuskarka da aikin da yake yi. Wajibi ne, musamman in tabarau mai kamara ne. Ba kowa ke son a ɗauki muryarsa ba. Tsaya kamar mita ɗaya daga gare shi, fuska da fuska, ka juya wa hayaniya baya. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, gajeru-gajeru, yana ɗan tsayawa, don fassarar tana biyo baya da ƴan daƙiƙoƙi. Shi ba ya jin abin da ke kunnenka, amsarka a allon waya zai karanta ta, sai ka riƙe wayar ta fuskance shi.

Babbar matsalarsa ita ce irin maganarmu ta Yamai. Mutum ya fara da Faransanci, ya ratsa ta Zabarmanci, ya rufe da Hausa, duk a numfashi ɗaya. Manhajar da aka saita kan Faransanci ba ta cewa ba ta gane ba, sai ta ɗauko kalmar Faransanci mai kama da abin da ta ji ta cusa. Roƙi abokin maganarka ya tsaya kan harshe guda.

Kuɗi kuwa, kada ka yarda da tabarau ko kaɗan. Mu da dala, wato sefa biyar, muke ƙirga: ɗari a bakin ɗan kasuwa sefa 500 ce, jikka 1,000, na'ura kuma ɗari za ta rubuta 100. Sinawa suna da tasu ƙirgar ta dubu goma-goma, sifiri ɗaya ya ɓace a hanya an shiga rigima. A buga farashi a kalkuleta, kowa ya gani da idonsa. Haka adadin magani a asibiti, da takardar yarjejeniya: a nemo tafinta, mutum mai rai, wanda za a iya sa shi ya maimaita.

A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, kada a bar tabarau cikin mota ko aljihun babur, kada kuma a yi masa caji yana da zafi, batirin ne ke mutuwa. Fassara ba tsayawa tana shan cajin tabarau da na waya tare, shi ya sa ake kunna ta lokacin magana kawai. Ƙurar hunturu takan toshe ramukan makirufo har ya riƙa tsallake kalmomi. Busasshen buroshi mai laushi ya isa, ban da allura. Mai kamara kuma a cire shi a sa aljihu tun kafin a kai shingen jami'an tsaro.