Yadda Ake Gane Katirij ɗin Tawada na Asali Daga Jabu

Duk mai shagon buga takardu ya san cewa tawadar jabu tana iya toshe kan firinta, wato ɓangaren da ke fesa tawada a takarda, ta kuma ɓata aikin da aka riga aka karɓi kuɗinsa, saboda haka binciken ya kamata ya fara tun kafin a biya kuɗi.

A fara da kwalin katirij ɗin, wato mazubin tawadar da ake sakawa a cikin firinta. Kamfanin HP mai ƙera firinta yana manna wata alamar tsaro mai walƙiya a jikin kwalayensa, wadda idan aka karkata ta gaba da baya, kalmar "OK" da alamar maki za su motsa ta fuskoki mabambanta, idan kuwa aka karkata ta dama da hagu sai su tafi tare. Alamar da ba ta motsi ko kaɗan hoto ne kawai aka buga. Akwai kuma lambar QR a wurin, wato wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, wadda za a iya dubawa da wayar hannu domin kamfanin ya tabbatar da kayan. A lura da bakin kwalin sosai, domin ragowar gam ko salatif alama ce ta an buɗe an sake rufewa.

Bayan an buɗe, katirij na asali yana zuwa a tsaftace, babu ɗigon tawada, babu ƙarce a jikin ƙarfen da ke haɗa shi da firinta. Wanda aka sake cikawa ba laifi ba ne idan an faɗi gaskiya; ha'incin shi ne sayar da shi da sunan sabo.

Farashin da ya yi arha fiye da kima abin tuhuma ne. A saya wurin dilan da kamfanin ya amince da shi, a kuma karɓi rasit.