Yadda ake shirya ɗaliban Katsina zuwa nazarin teku a Legas

Yawancin yaran da za a kwasa daga Katsina ko Daura ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Ajiwa ko na Sabke ba, kuma a ransu teku dam ne da ya ƙara faɗi. Wannan zaton shi ne abu na farko da malami zai cire musu tun suna gida. Ruwan dam yana nan inda aka bar shi. Teku kuwa yana cikowa yana janyewa sau biyu a cikin dare da yini, yana da gishiri, kuma yana jan mutum. A kan waɗannan abubuwa uku ake gina tsarin tafiyar gaba ɗaya.

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, daga Badagry har Kuros Riba, amma ga makarantar da za ta fara, Legas ta fi sauƙi, domin cikin ɗan taƙi ana samun teku da tafkin Legas, wanda ke haɗe da teku, da masana. Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, a Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, ga kuma sashen nazarin teku na Jami'ar Legas a Akoka, daf da bakin tafki. A rubuta musu takarda da sa hannun shugaban makaranta aƙalla wata biyu kafin tafiya, a faɗi yawan ɗalibai da ajinsu da abin da ake son su gani, sannan a bi ta da waya har a sami sunan wanda zai tarbe ku. Takardar da ba a bi sawunta ba a kan tebur take kwana. A lokaci guda a nemi izinin Ma'aikatar Ilimi ta hannun ofishin shiyya, a kuma zauna da ƙungiyar iyaye da malamai.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daminar Legas takan kankama tun Afrilu, ruwa ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, teku ya yi fushi, ga shi kuma lokacin jarrabawar WAEC da NECO ne. Amma zaɓen wata kaɗai bai isa ba, sai an zaɓi rana da awa. Tsakanin cikar ruwa da janyewarsa akwai awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan yau ruwa ya janye da tara na safe, gobe sai wajen goma saura. A nan ɗan Katsina yake da abin da ya riga ya sani: lissafin watan Musulunci. Ruwa ya fi cikowa ya kuma fi janyewa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata, saboda a lokacin jan rana da na wata suna haɗuwa a layi guda. A kwanakin ne taɓo da saiwoyi da duwatsun da ruwa ke rufewa suke fitowa fili. A samo jadawalin cikowa da janyewar ruwa na Legas, daga intanet ko daga masanan da za su tarbe ku, a isa wurin aiki awa ɗaya da rabi kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa. Bambancin tsayin ruwa tsakanin cikowa da janyewa a Legas bai cika wuce mita ɗaya ba, ba kamar Kalaba da yakan kai mita uku ba, amma a shimfiɗaɗɗen taɓo mita ɗaya ta isa ta rufe hanyar da aka bi aka shiga.

Tafiyar ta haura kilomita dubu, don haka a ware kwana shida: biyu zuwa, biyu aiki, biyu dawowa. Ba a tafiyar dare da 'ya'yan mutane. A tashi bayan sallar asuba, a yada zango a Abuja ko Lokoja a masaukin da aka riga aka kama, a kuma tambayi halin da hanya take ciki a makon tafiyar, ba labarin wata uku da suka wuce ba. Direba biyu, mota mai cikakkun takardu da tayar safaya mai iska. Ɗalibai ashirin zuwa ashirin da biyar sun isa. A bakin ruwa kowane babba ɗaya ya riƙe yara takwas ko ƙasa da haka, idan kuma da 'yan mata, dole a tafi da malamai mata. A cikin kasafi a ajiye kashi goma cikin ɗari da ba za a taɓa ba sai ta ɓaci.

Takardar amincewar iyaye ta ƙunshi lambobin waya biyu da tambaya kai tsaye a kan sikila da asma da farfaɗiya da maganin da yaro yake sha. Wasu iyaye sukan ɓoye don kada a bar ɗansu a gida, saboda haka a faɗa musu a taro cewa amsar ba hana tafiya take yi ba, shiri take sa a yi. Mai sikila ba ya son ƙishirwa da gajiya da zama cikin jiƙaƙƙun kaya. Mai farfaɗiya ba ya matsawa bakin ruwa sai da babba a gefensa.

Tafiyar da ba ta da tambaya yawon buɗe ido ce. Tambayar da ta fi dacewa da yaran arewa ita ce: me ya bambanta ruwan dam ɗinmu da na tafkin Legas da na teku, kuma wace halitta ce ke zaune a kowanne? Wannan yana nufin aikin zai fara a gida. Mako biyu kafin tafiya a kai su Ajiwa, ko Sabke ko Daberam ga 'yan Daura, su gwada duk kayan awo su rubuta sakamako. Daga kan gaɓa za a ɗebi ruwa da guga, kada kowa ya tsoma ƙafa, saboda tsargiya. Idan ta Lokoja aka bi, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, a ƙara kwalba ɗaya daga nan.

Galibin kayan a kasuwa ake haɗa su. Kowace ƙungiya ta yara biyar tana bukatar firam mai kusurwa huɗu, santimita 50 kowane gefe, wanda ake yi da guntayen bututun roba huɗu da gwiwoyi huɗu. A huda bututun a wurare kaɗan, in ba haka ba yawo zai yi a kan ruwa. Sai igiya mai mita 30 da ƙulli a kowace mita, da ma'aunin zafi, da takardar gwajin tsamin ruwa, da gorunan roba na rabin lita guda shida, da farin faranti mai zurfi don duba ƙananan halittu, da gilashin ƙara girma. Faifan auna tsabtar ruwa kuwa murfin bokitin fenti ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, fari, da nauyi a ƙasansa da igiya mai alama a tsakiya. Ana sauke shi daga kan gadar jiragen ruwa ta gefen inuwa har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin, a jawo shi har ya sake bayyana, a rubuta, a ɗauki tsakiyar biyun. Fensir za a yi rubutu da shi, domin tawadar biro tana narkewa da zarar takarda ta jiƙe.

Awon gishiri shi ne zuciyar darasin. Litar ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35. Na tafki kuwa canzawa yake: da damina, idan koguna suka kwararo, yakan koma kusan ruwan daɗi, da rani kuma gishiri ya ƙaru, musamman kusa da mashigar jiragen ruwa. Idan an sami aron na'urar leƙa gishiri daga wata jami'a, a daidaita ta da tataccen ruwa ta nuna sifili kafin a fara, a goge gilashinta bayan kowane awo. Idan babu, a tace mililita 100 da ƙyalle mai laushi, a ƙafar da shi a kan wuta kaɗan-kaɗan a kwanon da aka riga aka auna, a sake aunawa da sikelin da ke karanta kashi ɗaya cikin goma na giram, irin na masu sayar da zinari. Ya kamata na teku ya ba da kusan giram uku da rabi. In ya haura sosai, ko dai yashi ya shiga ko gishirin bai gama bushewa ba. In ya gaza, wuta ta yi yawa gishiri ya fantsale. Kowace gora a ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a ɗiba, a rubuta wuri da rana da awa a jikinta nan take. Gorar da aka ce za a rubuta a mota ta zama ruwan banza.

Ranar farko a bakin tafki, inda itatuwan mangurof ke tsaye a taɓon gishiri da saiwoyinsu a waje. A miƙa igiya daga busasshiyar ƙasa zuwa ruwa, a ajiye firam a kowace mita biyar, a ƙirga ramukan kaguwa da dodon koɗi. Za a ga kaguwar da namijinta ke da ƙaton hannu guda, da kifin nan mai idanu a ka da ke tsalle a kan taɓo. Yara za su iso da hayaniya su ce babu komai a wurin. A sa su zauna shiru na minti biyar, komai zai fito. Kowa da rufaffen takalmi mai igiya: silifa a taɓo take zama, ɓawon kawa kuma yanka yake kamar reza.

Rana ta biyu a bakin teku, kuma a nan ba a sassauta doka. Gaɓar Legas tana da gangare, igiyar ruwanta tana da ƙarfi. A ja layi a kan busasshen yashi, babu mai tsallake shi sai wanda aka aika ɗiban ruwa, shi ma da babba a gefensa, ruwa kuma kada ya wuce idon sawu. Ba a juya wa teku baya. Idan igiyar ruwa ta koma, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, wanda bai saba ba sai jiri ya ɗebe shi ya faɗi. Doguwar riga da dogon hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka 'yan mata su sa wando mai kauri da hijabin da bai wuce gwiwa ba. A nuna wa kowa wurin da igiyar ruwa ba ta fashewa, inda ruwan ya fi duhu kuma kumfa ke tafiya ciki. Shi ya fi kama da wurin lafiya, alhali ta nan ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa da gudu. Idan ya ja mutum, kada wani ya faɗa bayansa. A jefa masa jarka marar komai a rufe, ɗaure da igiya mai mita 20, a kira masu ceto, a buga 112 ko 767. Jarkar tana hannun babba ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kallon ruwa da ƙirga kawuna. Idan shirin ya haɗa da kwale-kwale, kowa da rigar ceto daidai jikinsa, kuma a dawo kafin la'asar sakaliya.

Daga bayan layin ma akwai aiki isasshe. A jefa lemo cikin ruwa, a bi shi ta kan gaɓa na minti biyu, a auna nisan da ya yi. Galibi gabas zai nufa, domin haka ruwa ke kwasar yashi a wannan gaɓar. Da wannan ake bayyana musu dalilin da ya sa teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach da ke Victoria Island bayan an gina katangun duwatsu a mashigar tashar Legas a farkon ƙarni na 20: yashin da ke tahowa daga yamma ya tsaya a bayan katanga, gabas ta rasa mai cike mata. Wata ƙungiya ta ƙirga robobi da ledoji a tsawon mita goma, da safar hannu, ba tare da taɓa allura ko fasasshiyar kwalba ba. Abu mai kama da shuɗiyar leda mai iska ko farin kitse a kan yashi ba a taɓa shi ko da ya mutu, domin harbi yake. In ya harbi yaro, a wanke da ruwan teku, a cire zaren da hantsaki, kada a murza, kada a zuba ruwan daɗi, don shi yake ƙara tayar da dafin. Sukar ƙayar kifi kuwa a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa, sannan a tafi asibiti.

Zafin Legas ba irin na gida ba ne. Iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, yaro yana galabaita ba tare da ya ankara ba. A tanadi lita uku ga kowane mutum a ranar aiki, da hula, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abinci a tsaya ga wanda cikinsu ya sani, ana samunsa a Agege da Obalende. Ɗanɗanon kaguwa da jatan lande a bar shi, tunda ba a san wanda jikinsa ba ya karɓa ba. Za su tambayi alwala: ruwan teku mai tsarkakewa ne, amma a ɗebo a bokiti a yi ta nesa da igiyar ruwa.

Da an koma masauki a wanke firam da igiya da ma'auni da ruwan famfo, don gishiri yana cin ƙarfe cikin kwanaki kaɗan, kowace ƙungiya kuma ta kwafe alƙalumanta a babbar takarda guda kafin a kwanta. Ba a ɗauko halitta mai rai. Ɓawon da za a tafi da shi a leƙa cikinsa tukuna, sau da yawa akwai ƙaramar kaguwa a ɓoye, kuma kafin a kai Ibadan warinta ya cika mota. Gorunan ruwa a ɗaure bakinsu da leda, a jera su a tsaye cikin kwali. Awon gishiri yana jira har Katsina, amma na zafi da na tsami a wurin ɗiba ake yinsu, domin suna canzawa a hanya.