Girkin suna a Aboabo: yadda za ki ciyar da mutum ɗari ki fita kunya

Ranar da aka haihu, ranar ake fara shirin girkin suna. Kwana bakwai kamar da yawa, amma ukun farko barka ce ke cinye su. Ina yi wa mutane girkin suna da na biki a nan Aboabo da Asawase cikin Kumasi, a Ghana, kuma duk wadda ta zo neman shawara, ko kakar jariri ce ko ƙanwar miji, maganata ta farko ɗaya ce: ki zaɓi abinci guda ki tsaya a kansa. Gidan da aka ce za a yi jalof, a soya shinkafa, a tuƙa tuwo, har a daka fufu saboda maƙwabta Asante, duk a kan murhu uku, shi ne gidan da ake kiran azahar ba a sauke komai ba.

Ni waakye nake zaɓa, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi. Bahaushe na ci, Dagomba da Mosi na ci, maƙwabciyarki Asante ma ba za ta mayar da kwano ba. Wake yana ƙara auki, tukunyar tana daɗewa da zafinta, sannan miyar da shito (soyayyen yajin barkono da busasshen kifi) da naman duk ana iya gama su tun kafin ranar. Jalof a babbar tukunya kuwa sai gwana, don ƙasa na ƙonewa sama ba ta nuna ba.

Ki tambayi uban jariri mutum nawa yake sa ran za su zo, abin da ya faɗa ki ƙara masa kashi ɗaya cikin uku. A zango ba a zuwa suna da kati. Matan ƙungiya za su zo da 'ya'yansu, ga yaran makaranta, ga kwanukan da za a aika gidajen da ba su samu zuwa ba. Lissafina na mutum 100 shi ne shinkafa kilo 10, wake kilo 5, taliya ƙunshi shida, ƙwai kiret biyu a raba kowane biyu, sai gari da ganda gwargwadon ƙarfin aljihu.

Kada ki ɗora miyarki a kan ragon suna. Sai da safiyar ranar ake yanka shi, kafin a feɗe a gyara rana ta ɗaga, kuma yawancinsa rabo ne na dangi da sadaka. Ki sayi naman miya daban a wajen mahauta ranar jajibiri.

Busassun kaya ki shiga Kejetia ko kasuwar Aboabo ki saye su tun rana ta huɗu. Ki tura hannu cikin waken ki ɗebo daga ƙasa, in kin ga huji ko gari a tafin hannunki, ki wuce gaba. Shinkafa ki guji mai ƙamshin nan mai saurin laushi, ki nemi mai tsayawa ɗaya-ɗaya. In ta Arewa ce, a zaunar da yara su tsince tsakuwa tun da wuri. Kada ki manta da karan dafi da kanwa. Itace da gawayi ma ki saya ki ajiye a inuwa, don ruwan Kumasi ba ya sallama, kuma jiƙaƙƙen itace ya ɓata girki fiye da rashin gishiri.

Shito ranar biyar ake yi. Ki soya albasa mai yawa a mai har ta yi ja, ki zuba niƙaƙƙen citta da tafarnuwa da tumatirin gwangwani, ki yi ta juyawa a wuta kaɗan har ruwan ya ƙone. Sannan garin barkono da garin busasshen kifi da na jatan lande su shiga. Daga nan ba a barin bakin murhu, domin garin kifi ba ya jimirin wuta, in ya kama ɗacinsa ba ya fita. In ya yi duhu, mai ya taso ya rufe shi, ya yi. Man nan da ke samansa shi ke tsare shi, saboda haka kada a tsiyaye, kuma kada a sa masa jiƙaƙƙen cokali.

Ranar shida ki tafasa nama da ganda, ki soya naman, ki yi miyar da romonsa. Na fi son a soya nama sosai, don ko dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya zo cikin dare firij ya tsaya, soyayyen nama zai kai safe lafiya. Miyar ki sake tafasa ta kafin ki kwanta, ki kuma tafasa ta da asuba. Daren nan ne kuma za ki jiƙa wake.

Koko da ƙosai da masa na malamai da mazan da za su zo raɗin suna da sassafe, ki ba mai kokon unguwa kuɗi ta kawo. Hannunki ba zai kai ko'ina ba.

Yanzu tukunyar kanta. Tukunya biyu matsakaita sun fi ƙatuwa guda, saboda in ɗaya ta ba ki matsala kina da ta biyu. Ki wanke karan dafi, ki tafasa shi da ɗan gutsuren kanwa har ruwan ya yi ja sosai, ki tsame karan. Ki zuba wake a ruwan. Ki riƙa ɗaukar ƙwaya kina matsawa da yatsu: in ta fashe amma tsakiyarta da sauran tauri, lokacin shinkafa ya yi. In kika bari waken ya nuna tilis kafin ki zuba shinkafa, fate za ki sauke. Ruwa ya ɗan haura shinkafar kaɗan, ba da yawa ba, ki sa gishiri, ki juya sau ɗaya. Da ruwan ya tsotse sai ki janye itacen ki bar garwashi, turiri ne zai ƙarasa aikin. Mata da yawa na rufe saman da leda. Ni ban yarda da leda a kan abinci mai zafi ba, ganyen ayaba da aka wanke yana yin aikin, har da ƙamshi.

Kanwa ita ce ke yaudarar masu sauri. Tana sa wake ya nuna da wuri, amma in ta yi yawa waakye zai yi baƙi, ya caɓe, ya yi ɗanɗanon sabulu, kuma ba shi da gyara. Gara ki sa kaɗan ki ƙara jira.

Sauran matsaloli kuwa suna gyaruwa. In kin ji ƙauri, kada ki sa muciya ki juya, nan ne ake rasa tukunya gaba ɗaya. Ki sauke nan take, ki kwashe na sama zuwa wata tukunya ba tare da kin kankari ƙasa ba, ki yayyafa ruwan zafi ki mayar kan garwashi. In sama ce ba ta nuna ba, ruwan zafi za ki yayyafa ki rufe, ban da ruwan sanyi. In ta yi ruwa, ki buɗe murfi, ki baza ta a manyan faranti ta sha iska. In gishiri ya zarce a miya, dankalin da ake cewa a jefa ba ya yin wani abin kirki. Ki soya sabon tumatir da albasa ba gishiri ki haɗa. Shi ya sa kullum nake ajiye gwangwani biyu a gefe. In miya ta yi tsami, suya ce ba ta ishe ta ba, ki mayar da ita wuta har mai ya taso.

Abin da ya fi duk wannan tsorata ni shi ne mai da yara. In mai ya kama da wuta, don Allah kada a watsa ruwa, wutar tashi za ta yi ta bi mutane. A kashe gas ko a janye itace, a kifa murfi a kan kaskon. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu har minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. In ƙunar tana da faɗi, ko yaro ne, a tafi asibiti. Tun kafin a hura wuta ki sa babbar mace guda wadda aikinta kawai korar yara daga wajen murhu.

Tsofaffi da yawa ba sa jin sun ci abinci in ba tuwo ba, don haka nakan ɗora ƙaramar tukunyar tuwon zafi da miyar ayoyo saboda su. Wannan kaɗai na yarda a ƙara.

Wajen rabo, ludayi ya zauna a hannun mutum ɗaya, wadda ba ta jin nauyin cewa "Hajiya, a yi haƙuri, wannan na baƙi ne." Kafin a zuba wa kowa, a fitar da na mai jego, da na surukai, da na matan da suka kwana a bakin wuta. Salak kada a sa masa kirim sai za a ci. Waakye kuma ba ya son a kulle shi a kula ya wuni da ɗumi-ɗumi, wake na saurin lalacewa a zafin garin nan. Abin da ya rage bayan la'asar a zuba a kwanuka a aika gidajen maƙwabta da makaranta tun da sauran zafinsa.