Yadda za ka ga bakin Kogin Volta a Ada

Ni ɗan unguwar Nima ne a Akara, ƙasar Ghana, amma hunturu ba ya wucewa ban je Ada Foah ba, inda Kogin Volta ke zubewa cikin teku, kamar kilomita 100 gabas da Akara. Ka hau mota ka sauka a mahaɗar Kasseh, daga nan ka nemi mai zuwa Ada Foah.

Kafin komai, tambayi masunta yaushe ruwa zai janye. Sau biyu yake janyewa a yini da dare, kuma kullum yana ƙara jinkirin kusan minti 50, don haka lokacin jiya ba zai yi maka yau ba. Idan ya janye ne taɓo ke fitowa fili, ƙananan ƙaguwa su fito daga ramukansu, zalɓe ya tsaya a bakin ruwa yana dako. Akwai tsuntsayen da suka taso tun daga Turai, suna nan daga wajen Satumba zuwa Afrilu. Sun sha doguwar tafiya, abinci suke nema, don Allah kada ka bari yara su kore su.

Yi ciniki da mai kwale-kwale tun a tudu, ka nemi rigar ceto. Ce masa ya kashe inji idan kun shiga tsakanin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa. Kada ka yi iyo kusa da inda kogi ya haɗu da teku, igiyar wurin tana da ƙarfi ƙwarai.

Yamma da garin akwai tafkin Songor, inda ake haƙar gishiri. An sa shi cikin jerin Ramsar, wato jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya, a 1992. Ka sa takalmi mai rufi, gishirin yana yanka ƙafa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kunkurun teku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu suna hawowa yashi da dare su yi ƙwai. Je ofishin kula da namun daji na garin a haɗa ka da ɗan jagora. Ban da farar tocila, ban da hasken waya. Tsaya can baya, shiru, har uwar kunkurun ta fara zuba ƙwai. Za ka ji nishinta, sannan ta rufe ramin da ƙafafun baya, ta danna yashin, ta ja jiki a hankali ta koma ruwa.