Tausar kai da man gargajiya: inda ake yin kuskure

Man kaɗanyar da ake kawowa Kumasi daga Tamale da Wa, da man kwakwa, da na habbatussauda da ake samu a Kejetia da shagunan Aboabo, duk suna da kyau ga tausar kai da dare. Sai dai mutane da yawa sukan shafa su kwanta, gari ya waye kai na ƙaiƙayi, matashi ya yi dumu-dumu da maiƙo, barcin kuma bai samu ba. Galibi laifin ba na man ba ne.

Babban kuskure shi ne lafta mai. Cokalin shayi ɗaya ya ishi mai gajeren gashi, biyu sun ishi mai yawan suma. Abin da ya haura haka zama yake a fata ya haɗu da gumi, ya toshe kafar gashi, sai ƙuraje su feso a goshi da ƙeya. A tsaga gashin layi-layi, a riƙa lakato man da yatsa. Kaɗanya ta fi dacewa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina, da wannan laimar ta Kumasi, man kwakwa ya fi sauƙi. Kada a ɗora kaɗanya kan wuta kai tsaye: a sa ta a ƙaramin kofi, a tsoma kofin cikin ruwan zafi minti biyar, a gwada ɗumin a wuyan hannu.

Sai hannu, wanda shi ne ainihin aikin. Wasu susa suke yi da farce, suna kiranta tausa. Farce yana yage fata, gogar gashi da ƙarfi kuma tana karya shi, musamman a gefen goshi inda kitso ya riga ya ja. A kafa tsokar yatsu, a danna a hankali, a motsa fatar kanta a kan ƙashi ba tare da yatsun sun zame ba. A fara daga ƙeya, inda gajiyar wuya ke taruwa, a bi bayan kunnuwa, a hau tsakar kai. Minti biyar zuwa goma, numfashi a natse. In wani ne ya yi maka, ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Ranar da aka yi sabon kitso a haƙura.

Man na'a-na'a, kafur da man zafi wartsakar da mutum suke yi, ba na barci ba ne. Su da man kanumfari, irin na 'yar kwalbar nan mai ƙarfin ƙamshi, ba a shafa su tsura: ɗigo biyu cikin cokalin shayi ɗaya na man kwakwa. A gwada a cikin dantse, a jira awa 24. Ƙananan yara kam kada a kusance su da kafur ko na'a-na'a, suna iya taɓa musu numfashi.

Mai amosanin kai ya kula. Ƙwayar da ke haddasa shi maiƙo take ci, shi ya sa man zaitun kan ƙara shi. Makero kuwa sai maganin sha daga asibiti.

Masu haɗi a gida su daina jefa ɗanyen ganye cikin mai, ruwan jikinsa ke sa ya yi fumfuna. A shanya shi a inuwa ya bushe ƙayau, a jiƙa a kwalbar gilashi mako biyu, a tace. Na saye kuma a duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, da ranar ƙarewa.

Lokacin da ya fi shi ne bayan isha'i, kamar rabin awa kafin kwanciya, waya a ajiye. Wanda ya zauna majalisar ataya a Asawase har ƙarfe goma, ba man da zai sa shi barci, don ƙarfin shayin yana jimawa sa'o'i a jiki. A shimfiɗa tsohon zane kan matashi, da safe a wanke kan da sabulun salo, wanda Asantawa ke kira alata samina. Tausar sau biyu a mako ta isa. In rashin barcin ya kai wata guda, ko yana tafe da ciwon kai ko minshari mai yanke numfashi, a je asibiti a auna jini.