Yadda zaka gane ko gwajin numfashin bakin titi zai tsaya a kotu

Toh jama'a, duk mai tuƙi a Ingila ko Amurka ya kamata ya san wannan ko da bai taɓa kai giya bakinsa ba, don ɗan sanda zai iya tsayar da kai ya miƙo maka ƴar na'ura yace ka hura don a auna ko ka sha giya. Kuma gwajin nan iri biyu ne, nauyinsu ba ɗaya ba a gaban alƙali.

Akwai ƴar ƙaramar ta hannu da ake hurawa a bakin titi, ita aikinta ta ba ɗan sanda hujjar kama ka ne. Sai babbar da take caji ofis wadda take fitar da takarda mai lamba da lokaci, toh ita ce ake shiga kotu da ita. A Ingila dokar hanya ta 1988 ta raba su sarai, na farko gwajin share fage ne, na biyu shine shaida. A Amurka ma jihohi da yawa basa karɓar lambar ƴar ƙaramar a matsayin shaidar yawan giya, saidai ta nuna ɗan sanda yana da dalilin kamu, amma fa kowace jiha da dokarta. Don haka in takardar tuhuma ta zo hannunka ka fara duba wace na'ura ce ta bada lambar da aka rubuta.

Sai ka san iyakar yawan giyar da doka ta yarda a samu a jikin mai tuƙi. Ingila da Wales maikirogiram 35 ne a cikin mililita 100 na numfashi, Sikotilan ta sauko da nata zuwa 22 tun 2014. Amurka kuwa kashi 0.08 cikin ɗari na giya a jini ne, banda jihar Utah da ta koma 0.05 a ƙarshen 2018.

Inda nake so ka nutsu sosai shine maganar lokaci. Na'urar nan iskar da ta fito daga can cikin huhu take son aunawa, amma in akwai ragowar sinadarin giya a baki, misali mutum ya kurkure baki da maganin wanke baki mai sinadarin, ko yayi gyatsa ko amai ko ƙwannafi ya taso masa, sai lambar ta haura fiye da abinda yake jininsa da gaske. Shi yasa a jihohin Amurka da yawa dole ma'aikaci ya zuba maka ido kamar minti 15 zuwa 20 kafin ka hura a babbar na'urar, baka ci ba baka sha ba baka yi amai ba. In ya fita ya barka ko yana can yana cike takardu ya juya maka baya, wannan babbar magana ce lauya zai iya tsayawa a kanta. Shi yasa da zarar ka samu sarari ka rubuta komai tun baka manta ba, ƙarfe nawa aka tsayar da kai, ƙarfe nawa ka hura, me ka sa a baki, wane magani kake sha.

A Ingila sau biyu ake hurawa a caji ofis kuma ƙaramar lambar ake ɗauka, sannan dole ɗan sanda ya gargaɗe ka cewa ƙin hurawa zai iya kai ka kotu. In bai yi gargaɗin ba shaidar zata iya rushewa. Lauyanka kuma ya nemi takardun duba lafiyar na'urar da saita ta, da shaidar cewa wanda ya yi gwajin ya samu horo, da bidiyon kyamarar jikin ɗan sanda in akwai.

Dan Allah kar ka ɗauka ƙin hurawa dabara ce. A Ingila laifi ne mai zaman kansa in baka da uzuri mai ƙarfi kamar ciwon huhu da likita zai tabbatar, kuma in kana tuƙi ne ka ƙi hurawa a caji ofis za'a hana ka tuƙi aƙalla wata 12, ba kuma za'a jinkirta gwajin don kana jiran lauya ba. A Amurka hawa titi da mota ana ɗaukarsa ka amince da gwajin, ka ƙi a dakatar da lasisinka, kuma a 2016 kotun ƙoli a shari'ar Birchfield tace ana iya gwajin numfashi bayan kamu ba tare da waranti, wato takardar izinin alƙali ba, jini ne yake buƙatar waranti.

Ni dai wanda ya sha ya hau titi wallahi bana tausayinsa, rayukan mutane ne. Amma wanda na'ura ta yi wa kuskure shima yana da haƙƙi, kuma ko an jefar da lambar ka sani kotu zata iya sauraron ɗan sanda akan yadda kake tuƙi da tafiyarka da maganarka, don haka ka nemi lauyan da ya saba da irin wannan shari'a a wurin da aka kama ka tun kafin ranar zaman farko.