Yadda ake ƙawata shagon cajin waya ya yi kama da cikin kumbo

Abin da ke sa ɗaki ya yi kama da kumbon 'yan sama jannati na finafinai shi ne a ga haske ba a ga fitilar ba, layuka su miƙe sak, launi kuma kada ya wuce biyu. Shagon ƙauye mai batirin sola zai iya samun wannan.

Fara da bango. In na ƙasa ne, fitila ba za ta manne ba, sai ka kafa falanki ka shafa masa baƙin fenti marar sheƙi. Sai zanen saƙar zuma: buga ƙusa, ɗaura zare mai tsawon santimita 15, ka zagaya da alli. Da wannan tsawon zaren ka bi da'irar kana sa alama, za ta rabu gida shida daidai. Haɗa alamomin da layi, ka bi da fenti ruwan azurfa. A tsakiya na fi son dagin Arewa, domin yana shiga wannan salo ƙwarai.

Fitilar ita ce igiyar LED, wato siririn tef mai jerin ƙananan ƙwayayen fitila, mai bolt 12, ana samunta a kasuwar Sabon Gari a Kano, naɗi ɗaya mita 5. Duba lambarta kafin ka biya. Mai lamba 5050 tana cin kusan wat 14 a kowace mita, wato naɗi guda amfiya 6 ke nan, za ta cinye wutar batir da ake cajin wayoyin mutane da ita. Mai lamba 3528 amfiya 2 kacal take ja, ta ishi ƙaramin shago.

Yanka ta kawai inda aka zana almakashi, bayan kowane ƙwai uku. Jar waya a alamar +, ka sa fis, mai yanke wuta in ta yi yawa, kusa da batir. Kada ka jona naɗi biyu a jere, ƙarshen zai dushe. Ja wa kowanne wayarsa daga batir.

Ɓoye igiyar a bayan siririn katako, tazarar yatsu biyu daga bango, hasken ya zubo a kan zanen. Gam ɗin bayanta ba ya jure zafin bazara a ƙarƙashin kwano, ƙurar hunturu ma tana kashe shi, don haka ka ɗaure ta da ƙananan maɗaurai.

Shuɗin haske na jan ƙwari da damina. Bar shi can ciki, bakin ƙofa ka sa mai ruwan ɗorawa.